Sai Masu Gida da Kannywood: Me Ya Sa Yawan Masoya Bai Zama Yawan Kofuna Ba?

A Kano akwai ƙorafi biyu da ba sa tsufa. Na farko na 'yan kallon ƙwallo ne: duk ranar da hukumar gasar firimiya ta Najeriya ta cire wa Kano Pillars maki, ko ta hana ta wasa a filin Sani Abacha, sai gari ya ɗauka cewa bi-ta-da-ƙulli ake yi wa ƙungiyar. Na biyu na 'yan kallon fim ne: da zarar an kammala wani babban bikin raba lambobin yabo a Legas ba a kira sunan ɗan Kannywood ba, sai a ce ai dama ba a son mu. Sau da yawa baki ɗaya ne ke furta ƙorafin biyu, domin saurayin da ya sa riga kore da ruwan ɗorawa ya nufi filin wasan da ke Ƙofar Mata da la'asar, shi ne dai zai kwana yana kallon fim mai dogon zango a wayarsa.

Hujjar da ake kafawa ita ma ɗaya ce: mu ne muka fi kowa jama'a. Ba ƙarya a nan. Kaɗan ne daga ƙungiyoyin ƙasar nan ke cika fili kamar Pillars, kuma ana kallon fim ɗin Hausa daga Agadas har Kumasi, daga Garwa har unguwannin Hausawa na Sudan. Abin dubawa shi ne ko ma'aunin da ake raba maki da lambobin yabo da shi yana auna yawan jama'a. Abubuwa biyu ne suka sake tayar da maganar: hukuncin da aka yanke wa Pillars a watan Oktoban 2025, da kuma soke rukunin Hausa da aka yi a bikin lambobin yabon fina-finan Afirka na AMVCA tun daga 2024.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Rabin gardamar tana tasowa ne daga kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya.

A ƙwallo, tara kuɗi ce da ƙungiya ke biya. Cire maki kuwa a teburi yake taɓa ta, kuma a gasar da ƙungiyoyi 20 ke buga wasa 38 kowacce, huɗun ƙarshe su faɗa ajin 'yan dagaji, maki uku na iya zama bambanci tsakanin zama da faɗuwa. Rufe fili kashi biyu ne: ko dai a buga wasan a gida ba 'yan kallo, ko a ɗauke ƙungiyar gaba ɗaya a kai ta wani gari ta riƙa karɓar baƙi a can.

A fim kuma, gasa daban, karramawa daban. Gasa tana da sharuɗɗan shiga da abokan takara da hanyar fitar da gwani. Karramawa kuwa masu biki ne ke zaɓar wanda suke so su yaba wa, ba tare da ya kara da kowa ba. A cikin gasar ma akwai rukunin da alƙalai masana ke yanke hukunci, akwai wanda ƙuri'ar masu kallo ke yankewa. Sai kuma bambanci tsakanin a miƙa fim ga wata gasa da a ce fim ya shiga sahun waɗanda za a zaɓi gwani a cikinsu. Wannan na ƙarshen shi ya fi rikita mutane a batun Oscar, za mu zo kansa.

Sa'o'in juna

Abin sha'awa, Pillars da Kannywood shekararsu ɗaya. A 1990 aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA da Golden Stars da ta Bankin Arewa, aka samar da Kano Pillars. A shekarar ce kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar fim ɗin Hausa na bidiyo. Sunan Kannywood kansa ya fito ne a mujallar Tauraruwa a ƙarshen shekarun 1990, kafin a san kalmar Nollywood.

Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu: 2008, sai 2012 da 2013 da 2014 a jere. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun nahiyar Afirka, bayan canjaras a Kano da wani canjaras ɗin a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Daga 2003 zuwa 2015 ba wanda ya doke ta a gida a gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin. A nan Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya wuce Turai, a nan Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, ya shafe ƙuruciyarsa da girmansa. A 2019 ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Filin Sani Abacha kansa ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009, da na kofin nahiyar Afirka a 2000.

Wanda ya taso cikin wannan tarihi bai saba ganin an ci Pillars a gida ba, har ma canjaras yakan ɗauke shi tamkar rashin nasara. Kirarin "sai masu gida" ya tashi daga kirari ya koma tamkar haƙƙi. Fahimtar wannan tana da muhimmanci kafin a shiga batun hukunci.

Laifin wasu, horon kowa

Ƙa'idar da ake hukunta ƙungiyoyi da ita ba Najeriya ce ta ƙirƙiro ta ba, haka take a dokokin ƙwallo na Afirka da na duniya. Mai masauki shi ke da alhakin tsaron alƙalan wasa da baƙi, kuma duk abin da magoya bayan ƙungiya suka aikata, ƙungiyar ce ke ɗauka. Ba a buƙatar a tabbatar cewa shugabanninta ne suka tura su. Ya isa a ce abin ya faru a filinta, ko kuma mutanenta ne suka yi.

Sau uku a 'yan shekarun nan wannan ƙa'ida ta hau kan Pillars da ƙarfi. A 2019, a wasannin fitar da zakara da aka yi a Agege ta Legas, 'yan kallo sun kutsa fili bayan wasa da Enugu Rangers, aka ci tarar ƙungiyar, aka dakatar da kyaftin ɗinta. A watan Afrilun 2022, a wasa da Katsina United a Kano, an tashi ba a ƙarasa ba, an farfasa motar baƙin, aka cire wa Pillars maki uku, aka mayar da wasanninta Abuja. Kafin kakar ta ƙare an sake cire wasu ukun saboda wani babban jami'in ƙungiyar ya kai hannu jikin mataimakin alƙalin wasa. A ƙarshen kakar ta faɗa ajin 'yan dagaji, tare da Katsina United ɗin da Heartland da MFM, sai a 2023 ta dawo. Na uku shi ne na Oktoban 2025: Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka tashi ɗaya da ɗaya, jama'a suka afka fili, aka taɓa alƙalai da 'yan wasan baƙi. Hukuncin shi ne cire maki uku da ƙwallo uku, tarar naira miliyan 9.5, da mayar da wasannin gida Katsina.

Ra'ayi uku ake ji a kan wannan, kuma kowanne yana da abin kamawa.

Magoya baya da yawa suna cewa ana hukunta hayaƙi ne a bar wutar. A ganinsu alƙalanci a gasar Najeriya ya daɗe da rasa amana: a je waje a ga an hana ka ƙwallo mai kyau, a ba mai gida fenaretin da babu shi, a ƙara mintuna har sai ya ci. Idan haka ake yi wa Pillars a garuruwan wasu, in ji su, me ya sa sai a Kano ne hukuma ke nuna tana da haƙora? Suna kuma tuna cewa ƙungiyarsu ma ta sha wuya a hanya, kamar harin 'yan fashi da aka kai wa motarta a watan Maris na 2015 a hanyar Abuja zuwa Lokoja, inda aka harbi 'yan wasa biyar.

Masu kare hukumar gasar suna cewa kuskuren alƙali yana da hanyar kai ƙara, ana kuma dakatar da alƙalan da aka samu da laifi, amma duka ba ya cikin hanyoyin. Suna nuna cewa an rufe filayen wasu ƙungiyoyin, an ci su tara, a Kudu da Arewa. Abin da ya sa na Pillars ke yin nauyi, a wurinsu, shi ne maimaici: doka tana tsananta wa wanda ya sake. Akwai kuma batun kasuwa. Gasar da ke neman kamfanonin talla da gidajen talabijin ba za ta iya sayar da hoton alƙali yana gudun ceton rai ba.

Ra'ayi na uku bai musanta laifin ba, salon horon yake tuhuma. Dubban mutane ne ke shiga filin, waɗanda ke tsallaka shinge ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba. Idan aka rufe fili, dattijon da ya shekara 30 yana kallo bai taɓa jifan kowa ba shi ma an hore shi, alhali wanda ya yi jifan yana gida lafiya, kuma ranar da aka buɗe zai dawo. A ƙasashen da suka shawo kan irin wannan fitina, kamar Ingila bayan shekarun 1980, abin da aka yi shi ne kujera mai lamba, tikiti mai suna, kyamarori, da dokar da ke ba kotu ikon hana mutum ɗaya takamaimai zuwa kallo na tsawon shekaru. Inda babu waɗannan, hukuma ba ta da sandar da za ta iya kai wa mai laifi, sai ta kai wa ƙungiya.

Idan aka auna ukun, zargin cewa Pillars kaɗai ake hukuntawa shi ne mafi rauni, domin abubuwan da suka jawo hukuncin sun faru a gaban kyamara. Zargin lalacewar alƙalanci kuwa yana da tushe, sai dai ba Kano kaɗai ya shafa ba. Na ukun shi ne wanda ba a cika tattaunawa ba, alhali shi ke nuna inda gyara yake.

Ƙungiyar wa ce?

A baki, Pillars ta jama'ar Kano ce. A takarda, ta gwamnatin jiha ce. Gwamnati ke biyan albashi da kuɗin tafiye-tafiye, ita ke naɗa shugabanni, ita ke sauke su. Haka akasarin ƙungiyoyin gasar suke: Rangers ta Enugu, Enyimba ta Abiya, Plateau United, Rivers United, El-Kanemi ta Borno, duk a aljihun gwamnatoci suke.

Wannan tsari yana da amfani, domin ba don shi ba da ƙungiyoyi da yawa sun mutu. Kuɗin da zakara ke samu, naira miliyan 150 a lokacin da Rangers ta ci a 2024, duk wanda ya lissafa albashin 'yan wasa da masu horarwa na shekara, da tafiya 19 zuwa waje a faɗin Najeriya, da masauki da magani, ya san ba su ne za su riƙe ƙungiya ba. Amma tsarin yana da illa ta fuska biyu. Ta farko, shugabanci yana bin siyasa: sabuwar gwamnati, sabon kwamiti, sabon koci, sabbin 'yan wasa, shirin shekara biyar ba ya samun wanda zai ƙarasa shi. Ta biyu ita ce ta fi shafar maganarmu. Ƙungiyar da ba da kuɗin ƙofa take rayuwa ba, ba abin da ke tilasta mata ta san masu shigowa ta ƙofar. Wanda ya taɓa zuwa babban wasa a Ƙofar Mata ya san yadda ake yi: layi ya yi tsawo, rana ta take, 'yan sanda na ɗaga kulki, wasu da tikiti a hannu, wasu da sanayya, yara na jiran a yi nisa da wasa a saki ƙofa su kwarara. Babu wanda zai iya gaya maka takamaiman mutum nawa ne a ciki, balle sunayensu. Jama'ar da ake alfahari da yawanta ba ta cikin wani littafi, don haka ba ta zama kuɗi, ba ta kuma zama mai ɗaukar alhaki.

A 2025 Remo Stars ta Ikenne, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, ta ɗauki kofin gasar, da filinta da makarantar renon 'yan wasanta. Ba ta da rabin magoya bayan Pillars. A shekarar ce kuma Barau FC, ta Sanata Barau Jibrin, ta hau gasar firimiya, Kano ta samu ƙungiya ta biyu, sannan gwamnatin jiha ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars yana kuma taka leda. Masu goyon bayan naɗin suna kallon sunansa da gogewarsa a Turai a matsayin abin da zai jawo kamfanoni. Masu ɗari-ɗari suna cewa matsalar ta tsarin mallaka ce, kuma sunan mutum ɗaya, komai girmansa, ba ya sauya wanda ke sa hannu a takardar kuɗi.

Rukunin Hausa da ya ɓace

Bikin AMVCA na kamfanin MultiChoice ne, mai DStv da GOtv, kuma tun 2013 ake yin sa a Legas. Shekaru da dama yana da rukuni na musamman ga fina-finan Hausa, kamar yadda Yarbanci da Ibo da Suwahili ke da nasu. Ta nan shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya ci a 2016, fim ɗin Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018. Ma'ana, a kowane biki akwai tabbacin za a kira wani ɗan masana'antar ya hau dandamali.

Daga 2024 aka sauya. Aka rushe rukunan harsuna ɗaiɗai, aka mayar da su na yankuna: Afirka ta Yamma, ta Gabas, ta Kudu. Yanzu fim ɗin Hausa yana karawa ne kai tsaye da na Yarbanci da na Ibo da na harsunan Ghana a kan kambu ɗaya. A 2024 da 2025 fina-finan Yarbanci ne suka ɗauka, dukansu manyan ayyuka ne da aka fitar a Netflix.

Masu ganin dacewar sauyin suna cewa biki ne na nahiya, ba na Najeriya ba, kuma babu adalci a ware wa harsunan ƙasa ɗaya kujeru uku alhali ɗaruruwan harsuna ba su da ko ɗaya. Wasu ma daga cikin 'yan Kannywood suna ganin keɓaɓɓen rukunin ya zama ɗan ɗakin da aka ajiye su a ciki: a ba su lamba ɗaya a sallame su, ba a ganin su a rukunin gwarzon darakta ko ɗaukar hoto ko rubutun labari. Masu adawa kuwa suna cewa an haɗa gudu ne tsakanin mai doki da mai ƙafa. Fim ɗin da kamfanin duniya ya zuba wa kuɗi ba sa'an wanda furodusa ya haɗa da jarinsa da bashin abokai a Titin Gidan Zoo, matattarar masu shirya fim a Kano, ba ne.

Akwai wani abu da ɓangarorin biyu ba su cika ambata ba, wato yadda ake fitar da gwanin. Rukunin harsunan gida yana cikin waɗanda ƙuri'ar masu kallo ke yankewa, kuma ana kaɗa ƙuri'ar ne a shafin intanet na masu bikin da manhajojin kamfanin. A nan ne ya kamata yawan jama'a ya yi aiki, amma sai a tambaya: ina masu kallon Kannywood suke? Mafi yawansu a YouTube suke, ko a tashoshin da ake kamawa kyauta, ko a shagon masu tura fim a waya. Matar auren da ke Gwammaja wadda ba ta taɓa bari sabon kashi na shirin da take bi ya wuce ta ba, ƙaninta ne ke kai mata katin waya a loda mata. Ba ta san an buɗe zaɓe ba, ba ta da rajista a shafin, kuma ba wanda ya zo ya gaya mata. Ƙaunarta ga shirin gaskiya ce, amma ba ta shiga lissafi. Kafin ma a kai ga ƙuri'a, sai mai fim ya cike takardu ya miƙa aikinsa a kan lokaci, da fassarar Turanci a ƙasan hoto da sauti mai tsafta. Fim ɗin da ba a miƙa ba, ba a ce an hana shi ba.

Batun Oscar

A nan labarin ya juya, domin ƙa'idar tana taimakon Hausa ne. A rukunin fina-finan ƙasashen waje, kowace ƙasa fim ɗaya take turawa, wanda wani kwamiti na cikin gida ke zaɓa. Dole fiye da rabin maganar da ke ciki ta kasance ba da Turanci ba, dole kuma a nuna shi a sinima kwana bakwai a jere. Saboda sharaɗin harshe ne aka ƙi karɓar fim ɗin Lionheart da Najeriya ta tura a 2019. Tun daga nan sau biyu ƙasar ta tura fim ɗin da Hausa ta fi yawa a cikinsa: The Milkmaid a 2020, da Mai Martaba a 2024, wanda aka ɗauka a Daura.

Da labarin Mai Martaba ya fito, mutane da yawa sun fahimci cewa fim ɗin ya shiga takarar ƙarshe. Abin da ya faru shi ne Najeriya ta miƙa shi. Ƙasashe sama da 80 ke miƙawa a shekara, a tace su zuwa 15, sannan zuwa biyar, sannan ɗaya. Babu fim ɗin Najeriya da ya kai 15 ɗin a waɗannan shekaru biyu. Kafin a kai can sai an sa masu zaɓe, waɗanda akasarinsu ke Amurka da Turai, sun zauna sun kalla, kuma wannan yana cin kuɗin talla da shirya nune-nune da sau da yawa ya fi kuɗin yin fim ɗin kansa.

The Milkmaid yana da darasi na daban. Ba a Kano aka shirya shi ba, daraktansa ba ɗan Kannywood ba ne, a Taraba aka ɗauke shi. Amma a AMAA, wani bikin lambobin yabon fina-finan Afirka, na 2020, wanda alƙalai ke yanke hukuncinsa, shi ya zama gwarzon fim, kuma Maryam Booth ta ci lambar mataimakiyar jaruma. A bikin AMAA ɗin ne Ali Nuhu ya ci lambar jarumi mai tasowa tun 2007. Wato alƙalan nahiyar ba su da matsala da harshen Hausa ko da 'yan wasan Kano. Inda ake barin su a baya shi ne kyamara da sauti da haske da lokacin da aka ba labari ya nuna.

Dalilin hakan a kasuwa yake. Da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, sakamakon satar fasaha da shigowar fina-finan Indiya masu fassarar Hausa da yaɗuwar manyan wayoyi, sai masana'antar ta koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da talabijin. Wannan kasuwa sauri take saka wa: kashi ɗaya duk mako, in ka yi jinkiri masu kallo su koma wani. Gidajen sinima a Kano ba su da yawa, shirin gina alƙaryar fim a Kofa da gwamnatin tarayya ta kawo a 2016 an janye shi bayan adawar malamai da jama'a, ga kuma Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, da a watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 kan rashin kai su tantancewa. Furodusan da ke tsakanin waɗannan ba shi da sararin kashe wata shida yana gyaran sautin fim ɗaya saboda wata gasa.

Bukukuwan gida

To me ya hana Kannywood ta auna kanta da kanta? An gwada. Daga 2013 kamfanin MTN ya ɗauki nauyin bikin lambobin yabo na Kannywood na wasu shekaru, daga baya abin ya tsaya. Akwai bikin KILAF na fina-finan harsunan Afirka da ake yi a Kano tun 2018, akwai na Zuma a Abuja, na Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024. Amma masana'antar ba ta samu biki ɗaya da ya ɗore shekara da shekaru, wanda kowa ya yarda da alƙalansa, har a ce wane ya ci a shekara kaza magana ta ƙare ba.

Abin da ya cike gurbin shi ne tarin bukukuwan karramawa. A kama ɗakin taro, a gayyato jarumai da 'yan siyasa da 'yan kasuwa, kowa ya tafi da allo. Ba laifi ba ne a yaba wa mutum, amma idan ba a bayyana su wa suka yi takara ba, su wa suka yi alƙalanci, da wane ma'auni, lambar ba ta gaya wa mai kallo ko mai zuba jari komai. Ga kuma ɓangaranci: masoyan wannan jarumi ba sa karɓar nasarar wancan, duk sakamakon da bai yi musu daɗi ba sai su ce an sayar. Wannan ita ce maganar da ake yi wa alƙalin wasa a Ƙofar Mata, an dai sauya fili ne.

Wanda abin ke faɗa wa a ka

Ranar wasa a Kano kasuwa ce. Mai rake da baronsa, mai ruwan leda, mai tsire, yaron da ke rataye da riguna da tutoci, mai gadin babura, direban adaidaita sahu da ke jigila daga Kurna da Hotoro da Sheka, duk suna lissafin ranar a cikin abincin gidansu. Idan aka mayar da wasa Katsina, tafiyar kimanin kilomita 170, cinikin ya tafi da shi. Mai son kallo kuma sai ya haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa da na abinci, ya kuma dawo cikin dare. Mafi yawa ba za su iya ba, sai su koma gidan kallo su biya kuɗin ganin Arsenal da Barcelona, yaran da ke tasowa su saba da hakan. Tarar kuma daga asusun ƙungiyar da gwamnati ke ciyarwa take fita, wato kuɗin jama'a ne, har da na wanda bai san launin rigar Pillars ba. 'Yan wasa su ma suna asara, domin wanda ke ajin 'yan dagaji ko yake wasa a fili wayam ba kasafai idon masu sayen 'yan wasa ke kai wa gare shi ba.

A fim, jarumin da ya yi suna ba ya rasa komai idan bai ci lamba ba, mabiyansa na Instagram da TikTok sun ishe shi samun talla. Masu asarar su ne waɗanda ba a ganin fuskarsu: mai ɗaukar hoto, mai sauti, mai tace hoto, marubucin labari, mai kwalliya. Su ne lambar yabo ta gaskiya ke ɗaga wa farashi, ta zama shaidar da za su nuna wa kamfanin waje ko mai bayar da tallafi. Inda babu ita, ƙwararre da ɗan koyo kuɗinsu kusan ɗaya, kuma wanda ya ƙware sosai yakan tattara ya koma Abuja ko Legas.

Akwai alamomin da mai bibiya zai iya sa wa ido a kaka mai zuwa ba tare da ya jira sanarwar kowa ba. A Ƙofar Mata, ko za a fara sayar da tikiti mai lamba tun kafin ranar wasa, ko za a ga kyamarori da ma'aikatan tsaro na ƙungiya da aka horar, ko kuma za a taɓa jin an gurfanar da wani takamaiman mutum an hana shi shiga fili. Haka kuma ko ƙungiyar za ta buɗe rajistar magoya baya masu biyan kuɗin shekara, ta kuma faɗi abin da ta tara a ƙofa. A Titin Gidan Zoo kuwa, fim nawa aka miƙa wa AMVCA da AMAA da kwamitin Oscar na ƙasa kafin a rufe karɓa, a rukunai nawa ban da na harshe, kuma idan an buɗe zaɓe, ko jaruman da ke da miliyoyin mabiya za su yi wa masoyansu bayani da Hausa yadda ake rajista a kaɗa ƙuri'ar.